Rigar da ba a tuɓe wa mai ita: sharhi kan firist na har abada

Ranar da aka yi wa fastonmu bankwana a wata majami'a cikin garin Gombe, bayan an tashi daga sujada, aka fito da bencina ƙarƙashin darbejiya. Shekara shida ya yi tare da mu, sai takardar canji ta zo kamar yadda aka saba. 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko, ga buhun masara, ga turmin atamfa na Mama Fasto, ga akuya ɗaure a gindin bishiya. Ana cikin gaisawa sai wata tsohuwa gwauruwa, wadda ɗanta ya daɗe a kwance, ta kama hannun rigarsa da hannu biyu ta ce, "Baba, in ka tafi wa zai riƙa kai kukana wurin Allah?" Ya rage tsawo har fuskarsa ta zo daidai tata, ya ce, "Mama, ni ɗan aike ne. Mai kai kukanki ba a yi masa canji."

Tun ranar nake juya tambayar tsohuwar nan. Ba jahilci ba ne ya sa ta yi ta. Tambayar da dukan Littafin Firistoci ya tsaya a kanta ke nan, ita ce kuma wasiƙar Ibraniyawa ta ɗauki surori da dama tana amsawa: wa zai tsaya mini a gaban Allah, kuma har yaushe zai iya tsayuwar?

Kalmar kanta sai an warware ta, don baƙuwa ce a bakinmu. Tsohuwar fassarar Hausa da iyayenmu suka tashi da ita tana cewa "babban malami" a inda ta yanzu ke cewa "babban firist". Malami kuwa a kunnen Bahaushe mai koyarwa ne. Liman ma bai cike gurbin ba, domin liman jan salla yake yi, ba ya shiga wani ɗaki da jini a madadin jama'a. Annabi yana ɗauko magana daga wurin Allah ya kawo wa mutane. Firist kuwa mutanen yake ɗauka, da laifinsu da godiyarsu, ya kai gaban Allah. Shi ya sa a Fitowa sura 28 aka ce a ɗinka wa Haruna ƙyallen ƙirji mai duwatsu masu daraja goma sha biyu, kowane dutse da sunan kabila ɗaya ta Isra'ila, ga kuma sunayen a kan duwatsu biyu a kafaɗunsa. In ya shiga Wuri Mai Tsarki, da al'umma guda yake shiga, a ƙirji da kafaɗa.

Wannan aiki gado ne tsantsa. Daga cikin kabilu goma sha biyu aka ware Lawi, daga cikin Lawi aka ware gidan Haruna. Ilimi ko dukiya ko sarauta ba sa shigar da kowa. Sarki Azariya, wanda aka fi sani da Uzziya, ya yi ƙarfi har ya ɗauki faranti zai ƙona turare a Haikali. Firistoci tamanin suka bi shugabansu suka tare shi, kuturta ta fito masa a goshi nan take, da ita ya mutu. Bayan an komo daga bautar Babila, Ezra sura 2 ta ba da labarin wasu iyalai da suka ce su firistoci ne, aka duba littafin asali ba a ga sunansu ba, aka dakatar da su daga aikin da cin abincinsa. Ba a tambayi halinsu ba. Takardar salsala aka tambaya.

Amma duk abin da ake gada, mutuwa ce ke raba shi. A Littafin Ƙidaya sura 20 akwai wani wuri da ba na iya karantawa da sauri. Allah ya ce wa Musa ya hau Dutsen Hor da Haruna da ɗansa Ele'azara. A can bisa, Musa ya tuɓe wa yayansa rigunan nan masu daraja, ya sa wa ɗan. Ku duba tsohon nan mai shekara 123 tsaye, ana cire masa rawani, ana kwance masa ɗamara, ana zare ƙyallen da ya ɗauki sunayen jama'a kusan shekara arba'in, yana kallon ana ɗaura wa wani. Mutum uku suka hau, biyu suka sauko. Jama'a suka yi makoki kwana talatin. Ele'azara ma ranarsa ta zo, Finehas ya karɓa, haka aka yi ta yi. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ƙirga manyan firistoci 83 daga Haruna zuwa rushewar Haikali. A ƙarshe-ƙarshen ma ba a jiran mutuwa: Hirudus da gwamnonin Roma su ke naɗawa su tuɓe yadda suka ga dama, Kayafa kansa, babban firist a lokacin shari'ar Yesu, gwamnan Roma ne ya ɗora shi wajen shekara ta 18 bayan haihuwar Almasihu, wani ya sauke shi bayan kimanin shekara goma sha takwas. Har an yi zamanin da rigar babban firist take kulle a kagarar sojoji ta Antoniya, sai idi ya zo a ba da aronta.

Ga kuma rauni na biyu, wanda ya fi mutuwa ciwo. A Ranar Kafara, goma ga wata na bakwai, rana ɗaya tak a shekara da babban firist ke wuce labule ya shiga Wuri Mafi Tsarki, kafin ya taɓa akuyar jama'a sai ya yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Mai wankin ma yana bukatar wanka. Baɗi kuma a sake. Ban da 'yan raguna biyu na kullum, ɗaya da safe ɗaya da maraice.

A nan ne maganar take da ƙulli, kuma ban ji daɗin yadda wasu masu wa'azi ke tsallake shi ba. Littafi Mai Tsarki ya kira aikin gidan Haruna ma na har abada. Yana nan a Fitowa 29 da Fitowa 40, kuma a Ƙidaya 25 an yi wa Finehas da zuriyarsa alkawarin firistanci madawwami. To, in na Haruna madawwami ne, ina na Almasihu ya samu wuri? In kuwa ya ƙare a shekara ta 70 da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali, ina alkawarin ya tafi?

Yahudawa suna da tasu amsa, kuma adalci ne a faɗe ta: a wurinsu gidan bai mutu ba. Har gobe akwai iyalai masu suna Kohen da ke danganta kansu da Haruna, su ake fara kira karatun Attaura, su ke sa wa jama'a albarkar nan ta Ƙidaya sura 6. Hadaya ce ta tsaya don babu Haikali. Masana Kirista kuma suna nuna cewa kalmar Ibrananci da aka fassara "har abada", wato olam, takan ɗauki ma'anar muddin zamanin abu yana nan. Da ita aka ce bawan da aka huda wa kunne zai bauta wa ubangidansa har abada, alhali iyakarsa ransa. Suna kuma nuna 1 Sama'ila sura 2, inda Allah da kansa ya ce wa Eli ya taɓa alkawarta wa gidansa hidima har abada, amma saboda abin da 'ya'yansa suka yi ya janye, maganar da ta cika ranar da Sulemanu ya kori firist Abiyata, na zuriyar Eli.

Ni dai abin da ya fi zauna mini shi ne dawwama iri biyu ce, kuma mu mutanen ƙasar sarauta mun san ta farkon sarai. Gidan Buba Yero yana riƙe da Gombe tun zamanin jihadi, gidan Yakubu yana riƙe da Bauchi. Sarauta tana nan, amma sarki goma zamani goma. Da Sarkin Gombe Shehu Abubakar ya rasu a 2014, ɗansa ya hau, gida bai yanke ba, sai dai mutumin da talaka ya saba kai wa kuka ya tafi. Tsakanin rasuwa da naɗi kuma akwai kwanakin da gari ke riƙe numfashi. Wanda ya zauna a Billiri a farkon 2021, lokacin rikicin naɗin Mai Tangale, ya san nauyin kujerar da babu kowa a kanta. Dawwamar gidan Haruna irin wannan ce, sarƙa ce mai tsawo, kowace mahaɗa kabari ne. Abin da Ibraniyawa ke da'awa game da Yesu wani abu ne dabam: mai rigar ne kansa ba ya gushewa. Sura ta 7 ta faɗa a fili cewa waɗancan sun yi yawa ne don mutuwa ta hana su ci gaba, shi kuwa da yake yana nan har abada, aikinsa ba ya komawa hannun wani.

Sai dai marubucin yana da matsala babba a gabansa, bai kuwa ɓoye ta ba. Yesu daga kabilar Yahuza ya fito, kabilar sarakuna, wadda Musa bai ce komai ba a kanta game da bagade. A ma'aunin Ezra, ba za a bar shi ya wuce farfajiyar talakawa ba. Mai karatu Bayahude zai ce, ta ina ɗan Yahuza ya zama firist? Nan ne aka ɗauko Malkisadik.

Mutumin nan aya uku kacal ya samu a Farawa sura 14. Ibrahim yana dawowa daga yaƙi, ya bi sarakuna huɗu da mutanen gidansa 318 ya ƙwato Lutu ɗan ɗan'uwansa. Sai ga Sarkin Salem, firist na Allah Maɗaukaki, ya fito da gurasa da ruwan inabi, ya sa wa Ibrahim albarka, Ibrahim ya ba shi ushirin ganima. Shi ke nan. Sunansa ma ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da kalmomin Larabci: farkonsa dangin "mulki" ne, ma'anarsa sarkin adalci, Salem kuma dangin "salama" ce. Daga nan bai sake fitowa ba sai a Zabura 110, inda Ubangiji ya rantse wa sarkin da ya zaunar a damansa cewa shi firist ne har abada irin na Malkisadik. Zaburar nan ita ce Sabon Alkawari ya fi ambata, Yesu ma ya ɗauko farkonta ya yi wa malaman Attaura tambaya a Haikali.

Ku lura da yadda marubucin Ibraniyawa ya yi karatu, don karatun mai natsuwa ne. Farawa littafin asali ne, wane ya haifi wane, ya yi shekara kaza, ya rasu. A cikin irin wannan littafi sai ga firist ba a faɗi ubansa ba, ba uwarsa, ba ranar haihuwa, ba ranar mutuwa. A wurinmu a ce mutum ba shi da asali zagi ne, ana fasa aure a kansa. Marubucin ya ɗauki wannan shirun ya mai da shi hujja: ga firistancin da bai rataya ga salsala ba, ba a kuma rubuta ƙarshensa ba. Sa'an nan ya ƙara da abin da kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa bayani ba, cewa babba ne ke sa wa ƙarami albarka. Malkisadik ya sa wa Ibrahim albarka, ya karɓi ushiri a hannunsa, Lawi kuwa lokacin yana cikin tsatson kakansa. Ashe gidan masu karɓar zakka ya riga ya biya zakka ga wani tun ba a haife shi ba.

An daɗe ana gardama a kan ko wane ne shi. Tsoffin malaman Yahudawa da dama sun ce Shem ɗan Nuhu ne. A cikin naɗaɗɗun littattafan da aka tono a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, akwai wanda ya zana shi kamar wani mai ceto daga sama da zai yi shari'a a ƙarshen zamani. Na kuma sha jin masu wa'azi a nan gida suna cewa Yesu ne da kansa ya bayyana ga Ibrahim. Ban bi wannan ba. Nassin cewa ya yi an kamanta shi da Ɗan Allah, ba a kuwa kamanta mutum da kansa. Sarki ne ɗan adam a ƙasar Kan'ana, wanda aka bar labarinsa ba kai ba gindi don ya zama inuwar mai zuwa.

Abin da ya ɗauki nauyin koyarwar duka shi ne tashin matattu. Ibraniyawa 7:16 ta ce ya zama firist ba bisa dokar gadon jiki ba, sai da ikon rai marar hallaka. Ba wai bai mutu ba. Ya mutu, kuma mutuwar ita ce hadayar, shi ne mai miƙawa shi ne abin miƙawa, sau ɗaya tak. Amma mutuwar da ta tuɓe wa Haruna riga, ita ce ta zama ƙofar shigarsa aiki. In aka cire tashin nan, gini ya rushe, Malkisadik ya koma labari mai daɗin ji. Akwai kuma ɗan abu a sura ta 10 da nake so ƙwarai. A kayan Alfarwa, wato tantin sujada na zamanin Musa, an lissafa alkuki, da tebur, da bagaden turare, da daro, da akwatin alkawari, ba a lissafa wa firist kujera ba. Kullum a tsaye yake, don aikin ba ya ƙarewa. Wannan kuwa da ya miƙa tasa hadaya sai ya zauna. Zaman nan ba hutun barin aiki ba ne, gama sura ta 7 ta ce kullum a raye yake yana roƙo domin masu zuwa wurin Allah ta wurinsa. Yanka ya ƙare, ɗaukar sunaye a ƙirji bai ƙare ba. Kuma mai ɗaukar ya san yunwa, ya san cin amana, ya yi addu'a da kuka mai ƙarfi da hawaye, in ji sura ta 5.

Daga nan hanyar Kirista ta rabu biyu, kuma duka biyun suna nan a unguwanninmu. Sabon Alkawari bai kira shugabannin ikilisiya da kalmar da yake kiran firistocin Haikali ba. Dattawa yake ce musu, da masu kula, da masu hidima. Abin mamaki ma, kalmar "firist" da muka aro daga Turanci, in aka bi saiwarta, daga kalmar Girkanci mai ma'anar dattijo ta fito. Waɗanda aka kira firistoci kai tsaye su ne Almasihu, sai jama'ar masu bi gaba ɗaya, a 1 Bitrus sura 2 da Wahayin Yahaya. A kan wannan Martin Luther ya tsaya a 1520 ya ce duk wanda aka yi wa baftisma firist ne, fasto aiki aka danƙa masa a madadin 'yan'uwa. ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM da ya iso Kaltungo a 1917, da COCIN da Baftis, wannan layi suka biyo. Katolika kuwa, a taron Trent a 1563, ta tabbatar cewa keɓewar firist sakramenti ce mai barin hatimin da ba ya goguwa, shi ya sa ake rera ayar nan ta Zabura 110 a ranar naɗin Fada, ana kuma ambaton hadayar Malkisadik a tsohuwar addu'ar Mas. Taron Vatikan na Biyu a 1964 ya ce firistancin dukan masu bi da na masu hidima sun bambanta a ainihi, amma dukansu daga firistancin Almasihu guda suke ɗiba. Suna kuma da inda suke kafa hujja, kamar Romawa 15 inda Bulus ya kwatanta wa'azinsa da hidimar firist.

Ni ɗan gidan farko ne, ban kuma ɓoye ba. Amma ban yarda da masu cewa Katolika sun ajiye Yesu sun ɗauki Fada ba, don ba haka koyarwarsu ta ce ba. Su ma sun san Dutsen Hor. Diyosis ɗin Bauchi, wanda ya haɗa har da Gombe, ya yi rashin Bishop John Moore a 2010, ya yi rashin Bishop Malachy Goltok a 2015, sandar ta koma hannun Bishop Hilary Dachelem a 2017. A tsakanin nan ba wanda ya ce ƙofar sama ta rufe sai an yi naɗi.

Inda raina yake ɓaci ba can ba ne. Yana wurin sabon abin da ya shigo mana, inda mutum zai kafa rumfa ya ce shi ne ƙofa, addu'arka ba ta wuce rufin ɗaki sai ta bi ta hannunsa, ga man shafewa na kuɗi, ga ruwa a gora, ga layin ganin bawan Allah. Na san matar da ta sayar da keken ɗinkinta don a buɗe mata abin da aka ce an ɗaure. Labulen da Linjila ta ce ya tsage daga sama har ƙasa a sa'ar da Yesu ya mutu, shi ake ɗinkewa a zauna a bakinsa ana karɓar kuɗin shiga. Har Malkisadik ake jawowa a ce tunda ya karɓi ushiri, ni ma a kawo mini. Ibraniyawa 7 kuwa ba dokar zakka take kafawa ba, girman wani take aunawa da ita. Mai son koyar da bayarwa yana da wurare da yawa a Littafi, ba sai ya sa rigar da ba tasa ba. Haka kuma in majami'a ta zama gadon gida, uba ya sauka ɗa ya hau don jini kawai, an koma tsarin da wasiƙar ta ce an wuce shi.

Kada kuma a ɗauka koyarwar ta sallami fasto ko ta sauke wa sauranmu kaya. Tsohuwar nan tana da gaskiya da ta yi kuka, don mutumin da ya zauna a bakin gadon ɗanta dare da rana ba ƙaramin abu ba ne, Yakubu sura 5 ma ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Bambancin shi ne suna tsayawa tare da kai ne, ba tsakaninka da Allah ba. In kuwa dukanmu firistoci ne, to ɗaukar sunayen mutane a ƙirji ya zama aikin kowa, da hadayun da Ibraniyawa sura ta 13 ta ambata: yabo, da yin nagarta, da taimakon juna da abin hannu.

Sabon fasto bai iso ba sai bayan mako uku, ana gyaran rufin gidan. A cikin makonnin nan jikin yaron ya tashi, aka kai shi asibiti cikin dare. Da na je dubiya da safe, na tarar da mata huɗu na Zumunta a barandar ɗakin, ɗaya da kular kunu, ɗaya tana wanke zanen gado a bokiti. Tsohuwar tana zaune a tabarma, ta ɗora tafinta a kan ƙafar ɗanta da ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi. Ba ta ga shigowata ba. Da Tangale take addu'ar, ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan yaron, sa'an nan ta kira sunan na gadon kusa da shi, wanda ta ji ma'aikaciyar jinya ta ambata da asuba.